Dokin Arewa: Me ake gada daga uba, me ake samu a turke?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dawaki ya san yadda ciniki yake farawa. Kafin a buɗe bakin doki a duba haƙora, kafin a ɗaga ƙafa a duba kofato, dillali ya riga ya fara jero nasaba: uban wannan shi ne ya cinye sukuwar gari kaza, kakansa a bargar sarki kaza ya tsufa. Mai saye ya gyaɗa kai, kuɗi ya ƙaru. Da wuya ka ji an tambayi wace ce uwar. Da wuya kuma ka ga takarda ko guda ɗaya da za ta gaskata abin da aka faɗa.

A da wannan bai zama matsala ba, domin mai saye da mai sayarwa sun san juna, kuma garin da aka haifi dokin bai wuce tafiyar yini ɗaya ko biyu ba. Yanzu lamarin ya sauya. Ingarma mai kyau na hawan Sallah ko na sukuwa ya kai miliyoyin naira, kuma sau da yawa sai ya ratsa ƙasa biyu ko uku a bayan mota kafin ya iso turken mai shi. Abin da ake biya wa waɗannan miliyoyin shi ne abin da ake kira "jini".

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Watanni kaɗan kafin nan, a Yulin 2024, Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. An yi murna da duka biyun. Sai dai a maganar hawa, hankali ya fi karkata ga rawani da alkyabba da kayan ado. A maganar kiwo kuwa, shanu da madara suka cinye zancen. Dabbar da ake ɗora wa sirdin, wato dokin gida da muka gada, shi ne ba a cika tambayar halin da irinsa yake ciki ba.

Me ya kawo Kende cikin zancen?

Kende gari ne a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a bakin Gulbin Kabi, dab da inda gulbin yake zubewa cikin Kogin Neja. Masu lura da ambaliya sun san sunan saboda ma'aunin ruwan da ke wurin. Bai yi suna da dawaki kamar Katsina ko Kano ba, amma in ka duba taswira za ka ga yana zaune ne a tsakanin duniya biyu ta doki.

Arewa da shi akwai ƙasar Arewa ta asali: Kangiwa a ɓangaren Najeriya, Dogon Dutsi da Matankari a ɓangaren Nijar. A Nijar da wannan ƙasa ake danganta sunan dokin Arewa, ko da yake a Najeriya mutane da yawa sun ɗauki sunan a matsayin dokin arewacin ƙasa baki ɗaya. Ƙasa ce mai rairayi da ƙarancin ruwa, inda goɗiya take haihuwa lafiya. Masana dabbobi suna sanya wannan doki cikin dangin dawakin Barb na Arewacin Afirka, tare da gaurayen jinin Dongola, wanda ya samo sunansa daga wani gari a Sudan.

In ka haye Neja kuwa ka nufi Ka'oje da Illo da Tsamiya, ka shiga Segbana da Kandi a Jamhuriyar Benin har zuwa Nikki, ka shiga ƙasar Borgu. Can ciyawa ta fi yawa, amma ƙudan tsando ma ya fi yawa, kuma iya kudun da ka yi iya wahalar da doki yake sha. Mutanen Borgu masoya doki ne na gaske. Duk shekara a watan Maulidi ana bikin Gani a Nikki, inda mahaya ke zuwa daga sassan Benin da na Najeriya su yi wa sarki mubaya'a a kan dawakai, kamar dai yadda Daura da Gumel suke tasu Sallar Gani.

Wannan tsari, a haifa a arewa a hau a kudu, ya daɗe. Masanin tarihi Robin Law, a littafin da ya wallafa a 1980 kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya nuna yadda daular Oyo ta dogara da dawakan da ake kawo mata daga arewa ta hanyar Nufe da Borgu, saboda ba sa hayayyafa sosai a ƙasarta. Fataken goro masu zuwa Gwanja ma ta wajejen Illo wasunsu suke haye kogi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba Borgu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Layin ya raba mulki, bai raba kasuwar doki ba.

Ke nan wanda yake kiwon doki a yankin Bagudo yana fuskantar tambayar gado ta fuska biyu a lokaci guda. Yana son doki mai gudu da kyan tsayi, wanda kasuwa take so. Yana kuma bukatar doki mai jure fadama da cizon ƙwari, wanda ƙasar take yarda ya rayu.

Abin da kimiyya ta auna

Hausawa suna da karin magana biyu da suke karo da juna a kan wannan batu. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ana kuma cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Masana ƙwayoyin halitta sun ce duka biyun gaskiya ne, aikinsu shi ne auna wanne ya fi rinjaye a kowane hali.

Ma'aunin da suke amfani da shi za mu iya kiransa kason gado. Yana da kyau a fahimce shi daidai, domin nan ne ake yawan kuskure. In aka ce kason gadon gudu kashi 30 ne cikin 100, ba ana nufin kashi 30 na gudun dokinka daga ubansa ya fito ba. Ana nufin in aka tara dawakai masu yawa aka ga wani ya fi wani gudu, kashi 30 na wannan bambanci ne ya samo asali daga abin da suka gada. Sauran 70 daga abinci ne, da horo, da lafiya, da mahayi, da filin da aka yi sukuwar, da sa'a.

Siffofin jiki, kamar tsayi da tsawon ƙafa, kasonsu yana da yawa, sau da yawa yakan kai rabi ko ya wuce. Launi kuwa kusan gado ne zalla: akawali da kili da bidi da danda ba a samunsu ta hanyar ciyarwa. Shi ya sa makiyayi yake saurin yarda da jini, domin abin da ido yake gani yana bin iyaye ƙwarai. Matsalar tana cikin abin da ido ba ya gani sai an hau.

A 1988 wasu masana biyu a Dublin, Gaffney da Cunningham, sun bi bayanan dubban dawakan tsere na Ingila da Ayalan, suka kiyasta kason gadon ƙwazo a tsere da kusan kashi 35 cikin 100. A ƙarshen 2007 wasu biyu a Jami'ar Edinburgh, Wilson da Rambaut, suka duba kuɗin da doki yake ciyowa a tsere tsawon rayuwarsa, suka ga kusan kashi 10 ne kawai za a iya jingina wa gado. Sun kuma gano cewa tsadar kuɗin barbarar ingarma ba ta nuna ingancin abin da zai gadar wa 'ya'yansa yadda masu biya suke zato.

Ga misali a lissafi mai sauƙi. A ce dawakan wani yanki suna cinye wani fili a daƙiƙa 80 a matsakaici. Ka zaɓi ingarma da goɗiya da kowannensu yake cinye shi a daƙiƙa 70. In kason gado 30 ne, 'ya'yansu a matsakaici ba 70 za su yi ba, wajen 77 za su yi. In kuwa uban kaɗai ka zaɓa, uwar ko wacce aka samu, ribar ta ragu da rabi: daƙiƙa ɗaya da rabi kacal. A cikin 'ya'yan za a iya samun wanda ya fi uban, za a kuma samu wanda bai kai ko matsakaici ba.

Masu kuɗin duniya ma sun sha faɗawa wannan rami. A 2006 an sayi wani matashin doki a Amurka mai suna The Green Monkey a kan dala miliyan 16, saboda nasabarsa da saurin da ya nuna a gwaji. Sau uku ya shiga tsere, bai ci ko ɗaya ba. Wannan fa a ƙasar da ake rubuta komai ke nan, ba inda ake dogaro da rantsuwar dillali ba.

Wani abin lura shi ne, waɗannan alƙaluma ba a ɗauko su daga Ingila a dasa a Kebbi. Kason gado yana sauyawa da wuri. A inda kusan kowane dukushi yake samun abinci da magani iri ɗaya, bambancin gado yana fitowa fili. A wurinmu kuwa, wani dukushin gero da harawa da kanwa yake ci tun yana ƙarami, wani kuma a ɗaure yake da yunwa tun daga watan Maris har saukar damina. Bambancin turke ya danne bambancin jini. Dukushin da aka bari da yunwa a shekararsa ta farko ba zai kai tsayin da ya gada ba, ko da ubansa wane ne. Sau da yawa abin da muke yaba wa jini, buhun gero ya kamata mu yaba wa.

Uwar da ba a tambaya

A nan ne, a ganina, babban giɓin yake. A al'adarmu ingarma ake hawa. Ba a shiga hawan Sallah da goɗiya, ba a cika sa ta a sukuwa ba. Tana ƙauye tana haihuwa, wani lokaci tana ɗaukar kaya. Ma'ana, rabin abin da kowane dukushi ya gada yana fitowa ne daga dabbar da ba wanda ya taɓa gwada gudunta, ko juriyarta, ko halinta a cikin taro da ƙarar bindiga.

Doki yana da sandunan gado 64, rabi daga uba, rabi daga uwa. Bayan wannan rabon daidai, uwa tana da ƙari. Ƙananan sassan cikin ƙwayar halitta da suke sarrafa abinci ya zama ƙarfi, daga uwa kaɗai ake gadonsu. Ita ce ke ɗauke da ciki wata 11, ita ce ke ba da dakashi da nono, kuma a gefenta dukushi yake koyon tsoro ko natsuwa. Tun a 1938 masana biyu a Kambirij, Walton da Hammond, suka haɗa manyan dawakan Shire da ƙananan ƙuru na Shetland ta fuska biyu. Gado iri ɗaya ne, amma 'ya'yan da manyan goɗiyoyi suka haifa sun fi waɗanda ƙananan suka haifa girma nesa ba kusa ba.

Larabawan sahara sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa ta wajen uwa suke bin nasabar dawakansu. Tarihin tsere na zamani ma ya goyi bayansu. Secretariat, dokin Amurka da ya kafa tarihin gudu a gasar Kentucky Derby a 1973 wanda har yau ba a karya ba, bai haifi ɗa namiji da ya kama ƙafarsa ba. Ta wajen 'ya'yansa mata jininsa ya yi tasiri: su suka haifi Storm Cat da A.P. Indy, waɗanda suka zama manyan ubannin dawakan tsere.

Akwai labarin da ya fi wannan daɗi. A 2010 Emmeline Hill da abokan aikinta a Dublin suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna MSTN, wadda take kula da girman tsoka, tana da hannu a nisan da ya dace da doki. Mai nau'i ɗaya ya fi ƙarfi a gajeren zango, mai ɗaya nau'in ya fi jure dogon zango, wanda ya haɗa biyun yana tsakiya. Da aka bi sawun nau'in saurin a wani bincike na 2012, alamu suka nuna ya shigo cikin dawakan tsere ne kimanin shekara 300 da suka wuce ta hanyar wata goɗiya 'yar gida ta Birtaniya, ba ta hanyar shahararrun ingarmun da aka kawo daga Gabas ba. Ana ta kirarin baƙi, ashe wani kaso na saurin daga 'yar ƙauye ya fito.

A 2012 kuma masana a Uppsala ta ƙasar Siwidin suka gano wata ƙwayar, DMRT3, da take ba wasu dawakai damar wata irin tafiya mai laushi wadda ba ta jijjiga mahayi. Mu da muke daraja dokin da ya iya takama, wannan tambaya ce da ta dace da ɗaliban likitan dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ta Ahmadu Bello: nawa ne na horo a takamar dawakanmu, nawa ne na haihuwa?

Yadda muke zaɓe a baibai

Ko da an bar maganar uwa, akwai wata matsala a yadda kasuwar take tafiya. Dukushin da ya fi kyau a ƙauye shi ake fara sayarwa. Yana shekara biyu ko uku dillali ya ɗauke shi, ya bi ta Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela, ko ya haye zuwa Benin, ya ƙare a bargar wani basarake ko attajiri a birni. Can zai yi shekara goma ko fiye a turke, ana fito da shi kilisa da yamma da hawa sau biyu ko uku a shekara. Goɗiya ko ɗaya babu a gidan. Wasu masu dawakin ma ba sa yarda ingarmansu ya yi barbara, don suna ganin zai rage masa ƙarfi ko ya ɓata masa hali.

To wa ya rage a ƙauye ya hau goɗiyoyin? Wanda kasuwa ta ƙi. In aka yi haka shekara da shekaru, an yi zaɓe ke nan, amma a baibai: mafi kyau ya mutu ba magaji, na baya shi ke barin iri. Ba sai an kai ɗakin gwaji ba kafin a gane inda wannan hanya take zuwa.

Su kansu goɗiyoyin ba su tsira ba. Akwai kasuwar dawaki a Obollo-Afor ta Jihar Enugu inda ake kai dawakan arewa don yanka, ciki har da mata. Manomin da tsadar dusa da harawa ta ishe shi, babur kuma ya riga ya karɓe aikin sufuri, ba abin zargi ba ne in ya sayar. Amma kowace goɗiya mai haihuwa da ta hau motar kudu ta tafi da 'ya'ya bakwai ko takwas da za ta iya bari. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 1990 ta samu dawakai kimanin 200,000 a Najeriya, adadin da ko a lokacin bai kai kashi biyu cikin ɗari na yawan shanu ba. Garken da bai da yawa ba ya jure irin wannan zubewa.

Baƙon jini

Amsar da masu hali suka samo ita ce shigo da doki daga waje. Ɗan Sudan ya fi na Arewa tsayi da tsawon ƙafa, shi ya sa ya mamaye filayen sukuwa da manyan hawa. 'Yan folo kuma, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka ɗaukaka a arewa, sun fi karkata ga dawakan Ajantina. A gasannin sukuwa ana raba rukunin na Arewa da na Sudan, wanda hakan kansa shaida ce cewa ba a ɗauke su tsara ɗaya a gudu ba.

Haɗa jini ba laifi ba ne. Shi kansa dokin Arewa gauraye ne na ƙarnoni. Sai dai akwai abin da yake ruɗar mutane: 'ya'yan farko na haɗin iri biyu sukan fito da ƙarfi da girma fiye da yadda ake tsammani. Wannan tagomashi ba ya ɗorewa. In aka ci gaba da haɗa gaurayen da gauraye ba tsari, a zuriya ta biyu da ta uku sai a ga 'ya'ya sun warwatse, wani dogo ba ƙashi, wani gajere ba juriya. Manomin da ya taɓa ajiye irin masarar zamani ya sake shukawa ya san wannan labari.

Sannan ga maganar ciwo, wadda a yanki irin Bagudo ita ce gaba da komai. Cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba suke yaɗawa, takan kashe har kashi 90 cikin 100 na dawakan da ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Dawakan gida sun fi tsira, baƙin da aka shigo da su daga ƙasashen da babu cutar su suka fi mutuwa. Waɗannan ƙwari sun fi yawa a inda ƙasa take da dausayi, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ya san yadda fadamun Gulbin Kabi da Neja suke zama bayan ruwa ya janye. Ƙara da sammore da tsando yake kawowa a hayin kogi.

Wani ɓangare na wannan juriya daga dakashin uwa ne da kuma saba wa cutar tun ana ƙarami. Wani ɓangaren kuma na gado ne, irin wanda ƙasa ta tace da kanta: wanda bai jure ba ya mutu bai bar baya ba. A shanu an tabbatar da irin wannan, domin Muturu da N'Dama suna jure sammore ta hanyar gado, kuma shanun Borgu da ake kira Keteku sun samu rabonsu daga haɗin Muturu da farar saniyar Fulani. Makiyayan yankin sun san darajar wannan a saniya. A doki ne ido yake rufewa da tsayi.

Hanyoyin da baƙin dawakan suke biyowa ma ba su da tabbas yanzu. Sudan tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta daɗe a rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, abin da ya tura kaya da dabbobi bin kwale-kwale da hanyoyin daji, wasu ta cikin Kebbi. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Ga Lakurawa da satar dabbobi a ƙananan hukumomin iyaka, kamar harin da aka kai Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwamban 2024. Dokin da ya bi ta daji ba ya zuwa da takardar rigakafi, balle ta nasaba. Kuma ƙauyen da aka tayar, goɗiyoyinsa na cikin abin da ake fara rabuwa da su.

Littafi kafin ɗakin gwaji

Duk alƙaluman da aka ambata a sama daga abu ɗaya suka fito: rubutu. Ingila ta fara kundin nasabar dawakan tserenta a 1791, shi ya sa bayan shekara 200 masana suka samu abin lissafi. Ƙasashen Magrib sun kafa ƙungiyar kula da dokin Barb ta duniya a birnin Aljiyas a 1987. Maroko ta kafa kamfanin gwamnati mai suna SOREC a 2003, wanda yake riƙe da rajista da wuraren ajiye ingarmun barbara a garuruwa irin su Meknes da Marrakesh. Da UNESCO ta karɓi wasan dawakansu na Tbourida a 2021, dokin da ake wasan da shi ya riga ya samu mai kula da irinsa. Mu mun samu shaidar hawa, akasarin dawakanmu kuwa ko ranar haihuwarsu ba a rubuce take ba.

Ba sai an jira na'urori masu tsada ba. Abin da ake bukata a farko littafi ne a fadar hakimi ko uban ƙasa, da kwafinsa a wayar malamin dabbobi na ƙaramar hukuma: ranar haihuwa, sunan mai goɗiya, wane ingarma ya hau ta, launi da alamomin goshi da ƙafa, hoto ta gefe biyu. A auna tsayi a shekara ɗaya da shekara uku. In an yi sukuwa a auna filin, a riƙe lokaci da agogon waya, a rubuta na kowa, ba na wanda ya zo na ɗaya kaɗai ba. A rubuta wanda ya yi ciwo da damina da wanda bai yi ba. A ware tsere ɗaya na goɗiyoyi da kyauta mai tsoka, ko don a san wace ce mai gudu.

Sai kuma abin da sarakuna da attajirai kaɗai za su iya: su riƙa mayar da zaɓaɓɓun ingarmunsu ƙauye na wata biyu ko uku a shekara, ko su buɗe ƙofar barga ga masu goɗiya a kan kuɗi kaɗan. Amma da sharaɗi. Kada a ɗora wa ingarma ɗaya duk goɗiyoyin yanki don ya yi suna. Dawakan tseren Ingila sun shiga wannan tarko: kusan kashi 95 cikin 100 na mazansu ta wajen uba suna komawa ga doki ɗaya, Darley Arabian, kuma masana suna ta gargaɗi kan yawan kusancin jini a cikinsu. Garke ƙarami kamar namu zai fi saurin jin jiki.

Wa zai riƙe wannan aiki? Ni dai na fi ganin masarauta a kan gwamnati. Ciki wata 11 ne, sai dukushi ya kai shekara huɗu ko biyar kafin a san ainihin ƙwazonsa, sannan a jira nasa 'ya'yan. Zuriya ɗaya ta doki tana cin shekara takwas zuwa goma, wa'adin gwamna kuwa huɗu ne. Masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru suna da shamakai da hakimai da suka san gidan kowane mai doki, kuma Bagudo tana ƙarƙashin Gwandu. Jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato su kawo ɗalibai da lissafi, ma'aikatar kiwo ta kawo rigakafi. In littafin ya kafu a wannan gefe, ba abin da zai hana a nemi fadar Nikki ta buɗe irinsa, tunda dawakan da ake hawa a can da nan 'yan uwan juna ne.

Dillalai za su iya ƙin abin da farko, domin takarda tana rage wa baki aiki. Amma dillalin da yake da dukushi mai shaidar uwa da uba zai sayar da shi da tsada fiye da wanda yake da rantsuwa kawai, kuma mai goɗiyar ƙauye, wanda a yanzu shi ne mafi ƙarancin riba a cinikin, zai samu hujjar ƙara kuɗi.

Gwajin DNA na tabbatar da uba da uwa zai iya zuwa daga baya, kuma ba ya bukatar jini ko firji. Gashin wutsiya ko na geza ake tsigowa, kamar sili 30 zuwa 50, da saiwarsu, ba yankewa da almakashi ba. A sa a ambulan ta takarda, ba leda ba, a rubuta sunan dokin da kwanan wata, a ajiye inda laima ba ta kaiwa. Yakan yi shekaru a haka bai lalace ba. Tsofaffin goɗiyoyin da suka haifi dawakan da ake alfahari da su a Birnin Kebbi da Nikki su ya kamata a fara tsigar wa, tun suna raye.